Musun Fas ɗin Baba

Ranar da likita ya gaya mini cewa hantar Baba ta gama lalacewa, daga asibiti kasuwa na wuce na sayi tumatir. Ya ce watanni ne suka rage, ba za su kai shekara ba, ya ƙara da cewa sani na Allah ne. Na ce na gode. Har lafiyar matarsa na tambaya, don ajinmu ɗaya da ita a makarantar horon malamai. Na koma gida na yi miya, na duba littattafan ɗalibai, ina ta jiran kuka ya zo kamar baƙon da ya aiko cewa yana hanya. Bai zo ba. Ban ji tsoro ba, ban ji baƙin ciki ba, sai dai na lura ƙarar abubuwa ta ƙaru a kunnena, cokali a cikin kwano, famfo yana ɗiga a bayan gida.

Ni aka gaya wa saboda ni ce babba, kuma ni nake kai Baba asibiti. A wurinmu ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan magana. Ana cewa jiki da sauƙi, a ƙara magani, a ƙara addu'a, har ranar da Allah zai yi ikonsa. Likitan da kansa ya ce in bar tsohon cikin farin cikinsa. Inna kuma hawan jini gare ta, labarin rasuwar maƙwabciya ma sai da ya kwantar da ita kwana uku. Mijina kaɗai na gaya wa, ya yi salati, ya ce in riƙe bakina. Aikina ya zama guda ɗaya ke nan, kada Baba ya sani.

Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne muna tsakiyar wani musu ni da shi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ƙanena yana karatu a Ingila, matarsa ta haihu, sai ya aiko da tikitin jirgin sama na mutum uku: Baba, Inna, da ni, wai in kula da su a hanya. A cikin ambulan ɗin ya haɗa da taswira, da wani ɗan littafi mai ƙananan rubutu na jadawalin jiragen ƙasa na can. Yaron ya san ubansa. Baba ya yi shekara talatin da wani abu a reluwe yana duba tikiti tsakanin Kano da Ikko, ya yi ritaya ya gina gida a Malali da kuɗin sallamarsa. A lokacin da nake magana jirgin ƙasanmu ya lalace, na Talata sai ya iso Laraba, Baba har ya daina bi ta wajen tasha don ransa ɓaci yake yi. Littafin nan kuwa ya rungume shi, da shi yake zama a baranda daga hantsi har azahar, tabarau a kan hanci.

Akwai wata takarda kuma da ta bayyana hanyoyi biyu na hawa jirgin can. Ko dai mutum ya sayi tikiti a tasha duk ranar da zai yi tafiya, ko kuma ya sayi tikiti guda tun daga nan gida, wanda zai hau kowane jirgi da shi har kwana takwas, ko goma sha biyar, ko wata guda. Ba a sayar da shi a can, sai a nan kafin a tashi, kuma in an buga masa hatimi ba a mayar da kuɗi. Baba ya ce ai wannan fas ne, irin takardar da reluwe ke ba su a da, su hau jirgi da iyalinsu in sun ɗauki hutu. Daga ranar sunansa fas a gidanmu. Na wata guda yake so, mu uku, kuma daga ajiyarsa zai biya.

Ni kuwa an san ni. Lissafi nake koyarwa, kuma ƙannena suna cewa kwabo in ya shiga hannuna ya yi ban kwana da duniya. Taurin kan Baba na ɗauko kaf, shi ya sa ba ma jituwa, shi ya sa kuma kowace Asabar ina gidan. Malama yake kira na, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, "Baba, wurare nawa za ku je? Gidan jariri, sai Landan ku ga gari, sai wataƙila wurin ɗan abokinka. Tafiya uku ke nan. Me za a yi da fas na wata guda, ga Inna da gwiwa?"

Ya ce, "Malama, wa ya ce miki wani wuri za ni? Jirgin za ni hawa."

"A hau jirgi a je ina?"

"A je ƙarshen layi, a sauka, a duba agogo, a ga ko gaskiya suka rubuta a littafin nan."

"Da kuɗin fanshonka za ka je duba wa Turawa agogo?"

"Da na wa kike so in je? Naki? Ai sai in tsufa ban gani ba."

Inna tana gefe tana tsinke zogale, ta ce, "Ku dai ba ku gajiya." Amma daɗi take ji. Haka ake yanke kowace magana a gidan nan tun ina budurwa: Baba ya kafe a can, ni in kafe a nan, mu yi ta sa-in-sa har makogwaro ya bushe, sai Inna ta raba a tsakiya, kowa ya tashi yana cewa an cuce shi. Haka aka yi a kan kwanon rufi, haka a kan ragon layya kowace shekara, haka ma a kan kayan ɗakina. Asabar biyu muka yi a kan fas ba a gama ba. Aka tsayar cewa Asabar ta uku za a kammala, daga nan mu wuce ofishin ejan tafiye-tafiye da ke Doka a biya.

A tsakanin Asabar ta biyu da ta uku ne na ga likita.

Na tambaye shi batun tafiyar. Ya ce in Baba yana so ya je a yi da wuri, amma kada a gajiyar da shi, don nan da ɗan lokaci zaman awa biyu ma zai gagare shi. Kwanakin nan ina zuwa makaranta, ina rubutu a allo, ina tsawata wa masu surutu, duk kamar wata ce take yi ina kallonta. Kaina bai daina lissafi ba, ya gaya mini sarai cewa fas na wata guda zubar da kuɗi ne yanzu fiye da da. Amma da na nemi ƙarfin da zan faɗi haka, babu. Ba zan ce tausayi ba ne, don ko tausayin ban ji ba. Na dai ce a raina, a ba shi abin da yake so, a wuce wurin.

Asabar na same shi a baranda ya shirya mini. Ya yage tsohuwar kalanda, a bayan kowane shafi ya jera sunayen garuruwa da fensir, da lokacin tashi da lokacin isa, kwana talatin cur. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, amma fuskarsa irin ta wanda ya kwana yana wasa wuƙa. Bayan mun gaisa ya gyara zama ya ce, "To, Malama, yau na zo da hujja. Zauna ki ji."

Na ce, "Ba sai ka karanta ba, Baba. A sayi na wata gudan."

Ya tsaya da takarda a hannu. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Ikon Allah. Lafiyarki kuwa?"

Na ce lafiya lau, na dai sake tunani ne.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Na kuma yi shawara, faskila za mu shiga. Taragon manya. Shekara talatin ina duba tikitinsu a tsaye, ban taɓa zama a ciki ba."

"To, Baba."

"Kusan ninki ne fa."

"Ba komai."

"Akwai wani layi kuma da ya tafi can ƙurewar arewacinsu, yini guda ana tafiya. Sau biyu nake so mu bi shi."

"Allah Ya kai mu."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya tattara takardunsa ya daidaita gefensu a kan gwiwa. Inna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Alhaji ya ci Malama ba ko gumi. Ni a zatona na yi abin kirki. Ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi kafin a tashi daga ofis.

Muka hau tasi zuwa Doka. Ofishin ejan ɗaki ne ɗaya a saman bene, da fanka, da hotunan duwatsu masu ƙanƙara a bango. Matattakalar ta ba Baba wuya, sau biyu yana tsayawa wai yana gyara takalmi. Wata budurwa ce a bayan tafireta. Ta karɓi fasfo ɗinmu, ta ciro takarda, ta sake maimaita mana cewa in an buga hatimi shi ke nan, ko an hau ko ba a hau ba. Ta faɗi kuɗin, wanda ya haura abin da muka zata, don naira ta sake faɗuwa a makon. Na ciro biro na ce ina zan sa hannu.

Baba ya ɗora tafinsa a kan takardar. Ya ce da yarinyar, "'Yata, yi haƙuri, za mu dawo."

A ƙasan benen akwai dalbejiya da benci, da wani mai rake a gefe. Baba ya zauna ya mayar da numfashi. Ya sa aka fere masa rake gaɓa biyu, ya miƙo mini ɗaya, nasa kuwa riƙewa kawai ya yi. Rana ta take, motoci suna wucewa.

Ya ce, "Kin san yadda nake gane wanda ba shi da tikiti?"

Na ce a'a.

"Tun daga bakin tarago nake gane shi. Mai tikiti ba ruwansa da kai. Ƙafarsa a kan hanya, yana barci, in ka tashe shi har harara zai yi maka. Wanda ba shi da shi kuwa, shi zai fara gaishe ka. Sannu da aiki ranka ya daɗe, ya janye kayansa, ya matsa maka wuri. Duk taragon ba wanda ya kai shi ladabi." Ya juya raken a hannunsa. "Tun da aka haife ki ba ki taɓa ce mini to sau uku a jere ba. Yarinyar nan ta faɗi kuɗi, ko ƙifta ido ba ki yi ba. Me likita ya ce miki?"

Na buɗe baki in ce jiki da sauƙi, irin yadda aka koya mana. Ya ɗaga yatsa ɗaya, kamar yadda yake yi mana muna yara in za mu yi ƙarya. Sai na faɗa masa. Da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa na faɗa, ba rawa ba tsayawa. Ina jin kaina ina magana, ina kuma kallon tururuwa suna hawa kan tukar rake a ƙasa.

Ya yi innalillahi a hankali. Daga nan tambayoyi ya shiga yi, gajeru, irin na ma'aikaci.

"Wata nawa?"

"Bai ƙayyade ba. Ya ce ba za ta kai shekara ba."

"Tafiyar fa?"

"Ya ce a yi da wuri, kada ka gaji."

"Innarku ta sani?"

"A'a."

"Na Ingila?"

"A'a. Mijina kaɗai."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon titi, har mai raken ya tambaya ko ba daɗi ne, Baba ya ce da daɗi, haƙora ne. Sannan ya ce, "To, ashe ke ce da gaskiya. Tikiti ɗai-ɗai ya kamata. Uku ko huɗu, in Allah Ya yarda."

Shekara talatin da biyar nake jiran in ji Baba ya ce ni ce da gaskiya. Ga shi ya faɗa a ƙarƙashin dalbejiya, ko a jikina. Na ce to sai mu koma gida, tunda ba abin da za a saya a nan.

Ya ce, "Tsaya. In muka koma na ce na haƙura da fas, Innarku za ta tambayi kanta yaushe na fara haƙura da abu. In muka koma da faskila na wata guda, yau za ta yi murna, jibi tana wanke-wanke za ta fara tunanin me ya same ki. Ba wawuya ba ce, ta fi ki sanina, ta kuma fi ni saninki. So nake ta je ta ga jikanta da zuciya ɗaya. In mun dawo ni zan gaya mata da bakina."

"To yaya za a yi?"

"Za mu koma hannu biyu. Ki ce da kika ji kuɗin kika dawo hayyacinki. Ki yi musu da ni a gabanta, ta raba mana kamar kullum. Goma sha biyar za ta ce, na san ta. Litinin ki zo ki biya."

"Asara ce fa, Baba."

"Yawwa, haka nake so ki fara." Har ya ɗan yi murmushi. "Amma ki yi da gaske, Malama. Kada ki raga mini. In kika raga za ta gane."

Tafiyar mun yi ta daga baya, kuma sau huɗu kawai ya iya hawa jirgin, yana riƙe da agogonsa. Amma in na tuna shekarar nan ba Ingila nake gani ba, tsakar gidanmu nake gani da la'asar ɗin wannan Asabar.

Mun sami Inna ta baza kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya a kan tabarma, tana ƙullawa a leda, tsarabar surukarta. Ta ce, "Ina fas ɗin? Ku kawo in gani." Baba ya zauna a kujerarsa ya cire hula ya ce ta tambayi 'yarta, wadda ta kunyata shi a gaban yarinya ƙarama.

Na fara. Da fari muryar ba tawa ba ce, kalmomin suna fita a bushe. Baba ya watso mini wani kallo, sai na ƙara ƙarfi. Na ce naira ta faɗi, na ce faskila na masu kuɗin banza ne, na ce kujera kujera ce ko a wane tarago take. Ya ce ni da ban taɓa wuce Zariya a jirgi ba me na sani a kan kujera. Na ce gwiwar Inna. Ya ce gwiwar Inna zama za ta yi, ba tura jirgin za ta yi ba. Inna ta ƙyalƙyale da dariya har leda ta suɓuce mata. A hankali bakina ya kama hanyar da ya saba, ya ci gaba ba da izinina ba, yana jero hujjojin da na yi shekaru ina jerowa: rufin ɗakin baya yana yoyo, fansho ba ya zuwa a kan lokaci, kuɗi ba a kan bishiya suke ba. Ban san sa'ad da na ce, "In ka ƙarar da ajiyarka a kan hawa jirgi, Baba, baɗi me za ka ci?"

Sai da ta fita na ji abin da na faɗa. Kukan da nake jira tun ranar asibiti sai yanzu ya iso, na danne shi don kada Inna ta gani.

Baba ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Baɗi kya ciyar da ni mana. Me na kai ki makaranta ki yi?"

Inna ta share hawayen dariya da gefen zane. Ta ce, "Ya isa haka, kun cika mini kunne. Na kwana goma sha biyar za a saya, kuma ba faskila ba. Ke ki bar shi ya hau jirginsa, kai kuma Alhaji ka bar na baɗi. Allah dai Ya kai mu baɗin da rai da lafiya."

Baba ya ce amin da ƙarfi, ya shafa fuska. Inna ta juyo wajena tana jira, leda a hannu, shi ma ya juyo. Na tattara duk abin da ya rage mini na ce amin, na ƙara da cewa an dai cuce ni, goma sha biyar ɗin ma ta yi yawa.